Kafin Yaro Ya Shiga Aji Ɗaya: Lacca a Kan Karatun Ƙananan Yara a Ƙasar Shanono

 

Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Iyayenmu dagatai da masu unguwanni, ranku ya daɗe. Shugaban ƙaramar hukuma, sakataren ilimi da ma'aikatansa, sannunku da ɗawainiya. Limamai da alarammomi, Allah ya gafarta muku. Shugabannin makarantu, malaman firamare da na Islamiyya, 'yan kwamitin kula da makarantu, da iyayenmu mata da ke zaune ta wancan ɓangaren, waɗanda fiye da rabin maganata ta yau tasu ce, ina gaishe ku baki ɗaya. Na san akwai waɗanda suka yi sammako daga Faruruwa da Kokiya da Alajawa, wasu daga Leni da Shakogi da Tsaure da Kadamu, suka bar gona da kasuwa suka zo. Allah ya ba da ladan tafiya.

An nemi in yi magana a kan yaron da bai isa shiga aji ɗaya ba, tun daga na goye har zuwa ɗan shekara biyar, da yadda za a shirya shi don ya iya karatu. Idan na ce ya iya karatu, ina nufin a miƙa masa takardar da bai taɓa gani ba, ya karanta, sannan ya ɗago kai ya gaya maka abin da ta ce. Da wannan ma'aunin Bankin Duniya ya auna, a rahotonsa na 2022 ya ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, yara 7 cikin 10 'yan shekara goma ba sa iya wannan, a Afirka kudu da Sahara kuwa abin ya kusa 9 cikin 10. Malaman da ke nan ba sa buƙatar rahoto kafin su yarda, suna gani a ajinsu. Zan kasa maganar kashi biyar.

Na farko: me ya sa muke gaggawa da shekarun nan?

Masana sun tabbatar cewa kafin yaro ya cika shekara biyar, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. A tsakanin nan ne yake tara kalmomi, kunnensa yake koyon rarrabe sauti, yake koyon zama ya saurara. Kowane manomi a nan ya san geron da aka shuka bayan ruwan shuka ya wuce: ko ka zuba masa taki buhu-buhu, da wuya ya kamo na farko. Yana iya yi, amma da wahala da tsada.

Mun ga tsadar a nan jihar Kano. A 2019 aka fara wani shiri mai suna KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, da haɗin gwiwar hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da British Council. Me shirin ya yi? An riƙa ɗaukar 'yan aji huɗu zuwa shida a gwada su, a raba su rukuni-rukuni gwargwadon abin da kowa ya iya, a koma da su kan baƙaƙe da gaɓoɓi da ƙirga. Dabara ce da aka samo daga ƙungiyar Pratham ta Indiya, kuma dabara ce mai kyau. Amma ku tsaya ku yi tunani. Yaron da ya shekara uku ko biyar yana zuwa makaranta, uwarsa tana wanke masa riga, ubansa yana haƙura da aikinsa a gona, sai ga shi an dawo da shi kan "a" da "ba". Ina shekarun nan suka tafi?

Ga kuma ɗaya gefen. A 1986, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, masu bincike suka ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, 'yan wata tara zuwa shekara biyu. Wani rukuni daga cikinsu, duk mako ma'aikaciyar lafiya takan je gidansu ta yi awa ɗaya tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta ambaci sunan abin da ya taɓa, ta yaba masa. Kayan wasan da hannu aka haɗa su daga tarkacen gida. Shekara biyu aka yi ana haka. Bayan shekara 20 aka bi sawun yaran, aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da kashi 25 cikin 100. An buga sakamakon a 2014, kuma cikin marubutansa har da James Heckman, wanda ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2000. Gidajen nan na talakawa ne irin namu. Abin da aka ƙara musu magana ce da wasa.

Na biyu: jikin yaron.

A nan ba zan daɗe ba, akwai ma'aikatan lafiya da suka fi ni sani. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a shiyyarmu ta arewa maso yamma fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Abin da ya hana ƙashi miƙewa yana taɓa ƙwaƙwalwa. Mu ne kuwa muke noma wake da gyaɗa da waken suya, zogale yana bayan ɗaki, kaji suna tsakar gida. Iyayena maza, kafin a ɗora wa babur buhun wake zuwa kasuwa, a ɗebi na yara. A bar jariri da nonon uwa zalla har wata shida, a karɓi maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana rabawa da damina.

Sai abu ɗaya da ake rainawa: kunnen da ke zubar da ruwa. Yaron da ya daɗe da wannan ciwo ji yana raguwa, sai ya shiga aji a ce masa daƙiƙi, alhali ba ya jin malamin ne sosai. A kai shi asibiti tun da wuri.

Na uku: baki da kunne. A nan zan zauna, domin nan ne zuciyar maganar.

Rubutu magana ce da aka zana a takarda. Yaron da ya haɗa baƙaƙe ya furta "rumbu", in ya san rumbu ya karanta ke nan. In bai taɓa jin kalmar ba, ya yi sauti ne kawai. Saboda haka yawan kalmomin da yaro ya shigo da su aji ɗaya, da iya bin labari daga farko har ƙarshe, su ne jarinsa. A ina yake samunsu? A bayan uwarsa, a gindin murhu, a kan tabarmar kakarsa.

Iyayena mata, na san da yawa a cikinku za su ce, "Malam, ni da ban yi boko ba, me zan koya masa?" Wannan aikin ba ya buƙatar boko. Kina tankaɗe, gaya masa wannan rariya ce, wannan gari, wannan tsaki. Kina tsinke zogale, ba shi reshe ya tsinke, ki tambaye shi wanne ya fi tsawo. Ya nuna akuya ya ce "me", ki amsa masa, "E, akuya ce, ja, ga 'ya'yanta biyu." Ya ba ki kalma ɗaya, kin mayar masa da bakwai. Jaririn da bai fara magana ba shi ma a yi masa, in ya yi gwalantu a amsa, domin a nan yake koyon cewa zance karɓa-karɓa ne.

Akwai al'adunmu biyu da nake so mu duba da idon basira, ba tare da na raina su ba. Ta farko kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta sake jiki da shi a gaban mutane. Kakanninmu da suka kafa wannan al'ada sun yi ta ne a gidan gandu, inda kaka da gwaggo da matar baffa suke karɓe yaron su yi ta masa wasa da kirari. Yanzu da gandu yake watsewa, amarya tana zaune ita da mijinta kaɗai, wa zai karɓe shi? In uwa ta yi kunya, kaka kuma tana wani gari, yaron ya tashi cikin shiru. Ki yi kunyarki a gaban surukai, amma a cikin ɗaki ki yi wa ɗanki hira.

Ta biyu ita ce "yaro ba ya sa baki a maganar manya". Ladabi ne, kuma ina so jikokina su tashi da shi. Amma yaron da duk tambayar da ya yi tsawa ce amsarta, zai daina tambaya, kuma haka zai zauna a aji, malami yana magana shi yana kallon ƙasa. Ɗan shekara uku da ya dame ka da "mene ne wannan" da "don me", karatu yake yi. Iyayena maza, hanyar gona makaranta ce. Nuna masa bambancin gero da dawa da maiwa, sunan kowace bishiya, marke da kanya da ɗorawa da gawo, sawun wace dabba ce wannan.

Sai tatsuniya. Yaron da ya saba jin labarin Gizo da Ƙoƙi ya san labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, ya iya hasashen abin da zai biyo baya, ya iya riƙe sunaye a ka. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ake gwadawa a jarrabawar fahimtar karatu. Kacici-kacici yana koya masa kwatance. Waƙoƙin gaɗa da na reno da maganganun karya harshe suna wasa kunnensa ya ji kalmomin da suka yi kama a sauti. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya ga darajar wannan tun a farkon shekarun 1970, ya tattara su a littattafai shida na Tatsuniyoyi da Wasanni don makarantu. Yau fa, wa ke yi wa yara tatsuniya a gidajenmu? Dandali ya yi sanyi, bayan sallar isha'i kowa ya sunkuya a kan waya, yaro ya yi kuka a miƙa masa ita ya yi shiru. Waya ba ta jiran yaro ya amsa, ba ta tambayarsa "sai me ya faru?" Ina roƙon kowane gida da tatsuniya ɗaya kafin barci, in an gama kuma a ce yaron ya maimaita da bakinsa. Yayyen da ke goyon ƙannensu su ma a sa su a ciki, don sau da yawa su ne suke wuni da yaron.

Na huɗu: daga sauti zuwa baƙi, da maganar harshe.

Allah gafarta malamai, a nan dole mu 'yan boko mu zo mu durƙusa a gabanku. Tun ɗaruruwan shekaru makarantar allo take da tsani. Yaro yana fara haddar gajerun surori da ka. Sannan a rubuta masa babbaƙu, ya san kowane harafi da sunansa, alu, ambaki, wau, zal, yana ɗora yatsa a kan kowanne. Sannan farfaru, a sa wa baƙi wasali ya ji yadda sautinsa ya sauya. Sannan ya fara haɗawa. Ba a wanke masa allo sai ya iya, kuma ba ruwan malam da cewa sa'ansa ya wuce shi. Abin da masana koyar da karatu suka tsaya a kai yau bayan dogon bincike, wato a koyar da sautin harafi ɗaya bayan ɗaya sannan a haɗa, kuma a bi kowane yaro a inda yake, shi ne wannan. Shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, duk a kan wannan turba suka koyar da karatun Hausa a ƙananan azuzuwa.

Mun kuma yi sa'a da rubutun Hausa na boko. Kusan kowane harafi sauti ɗaya yake da shi, duk inda ka gan shi haka za ka furta. Yaron da ya san wasula biyar da 'yan baƙaƙe kaɗan zai iya haɗa "ba" da "ki" ya ce baki, kuma nan take ya gane, don kalmar gidansu ce. Turanci ba haka yake ba. Harafi ɗaya yana iya fita da sauti uku ko huɗu, har 'ya'yan Ingila sukan daɗe kafin su ƙware. To, ɗan Shanono mai shekara biyar da aka fara masa da Turanci an ɗora masa kaya biyu a lokaci ɗaya: koyon yadda rubutu yake aiki, da koyon harshen da ba wanda ke yi a gidansu. Sai ya koma hadda. Zai rera haruffan Turanci daga farko har ƙarshe da murya mai daɗi, uba ya ji ya yi murna, amma ka nuna masa guda ɗaya a tsakiya ka ce wanne ne wannan, sai ido.

Na san ana cikin muhawara a kan harshen koyarwa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyarwa da harshen uwa har ƙarshen firamare, a watan Nuwamba 2025 kuma ministan ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan, aka mayar da Turanci harshen koyarwa, bisa hujjar faɗuwa a jarrabawa. Ina girmama hukuma, amma ra'ayina ya saɓa. Tsarin da ba a wadata shi da littattafai da horarrun malamai ba, ba a gwada shi ba balle a ce ya gaza. Inda aka gwada da gaske an ga sakamako. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife ya jagoranci gwajin koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci yana matsayin darasi a hannun ƙwararren malami. Yaran nan sun fi takwarorinsu, kuma ba a bar su a baya ba ko a Turancin. Ina so 'ya'yanmu su iya Turanci, su zama likitoci da alƙalai. Hanyar da ta fi kusa ita ce su fara sanin sirrin karatu da harshen da suke tunani da shi, Turanci kuma a fara musu shi da baki, ta waƙa da gaisuwa da sunayen abubuwa. Ba kuma wata doka da ta hana uwa ko malama bayyana wa ɗan shekara huɗu abu da Hausa.

Na biyar: rabin aji.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 kuma ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, wato rabin aji, a makarantun gwamnati. Jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, a watan Yuni 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Ta fuskar takarda ba mu da ƙorafi. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: a makarantu da yawa na karkara, rabin aji shi ne ɗakin da rufinsa ya yaye ko gindin bishiya, malaminsa kuma wanda aka rasa inda za a kai shi. Yara sun cika maƙil, ana rera abu ɗaya har a tashi, bulala tana hannun babban cikinsu.

Shugabannin makarantu, roƙona gare ku shi ne ku juya lissafin. Malamin da ya fi haƙuri da iya koyar da karatu, shi za a ba rabin aji da aji ɗaya. Sakataren ilimi, ranka ya daɗe, kwalejojin ilimi suna yaye masu takardar NCE a fannin ilimin ƙananan yara, in an zo ɗaukar ma'aikata a nemi 'ya'yanmu mata na nan ƙasar da suka karanta shi, a ajiye kowacce kusa da garinsu. Ɗan shekara huɗu ba zai iya doguwar tafiya ba, balle a wannan lokaci da garuruwanmu na kan iyaka da Katsina suke cikin zullumin tsaro. Inda makaranta ta yi nisa, zauren mai unguwa ko makarantar Islamiyya da ke zaune babu kowa da safe za su iya ɗaukar aji, in kwamitin makaranta da ƙungiyar iyaye mata suka tsaya.

Me za a yi a cikin ajin? Labari kowace rana, a tsaya a tsakiya a tambayi yara. Wasan sauti: wa zai kawo mini kalmar da ta fara kamar "masara"? A tafa gaɓoɓin sunan kowane yaro, Ha-li-ma tafi uku, Mu-sa tafi biyu. Harafi ɗaya ko biyu a mako, a zana shi da yatsa a ƙasa, a gina shi da yumɓu, a jera shi da tsakuwa. Harafin farko da ya kamata yaro ya sani shi ne na sunansa. Kada a tilasta wa ɗan shekara uku cika shafi da fensir, yatsunsa ba su yi ƙwari ba tukuna. Carafke da ƙera motar kara da ɗinkin 'yartsana su ne suke ƙarfafa su. Kwali da gawayi da murafen kwalba sun isa a yi katin haruffa, kuma kada a manta da masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, don yaro ya san bari daban ɓari daban.

Abin da ba za mu iya ƙerawa da kara ba shi ne littafi. Akwai gidaje da yawa da in ka cire Alƙur'ani mai girma babu wata takarda da yaro zai taɓa. Mu da muka tashi da Ka Koyi Karatu, muka wuce zuwa Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mun san yadda littafin Hausa yake jan yaro. 'Yan majalisarmu, 'yan kasuwarmu, 'ya'yan Shanono da ke aiki a Kano da Abuja, ga inda kuɗi kaɗan zai yi aiki babba: akwatin ƙarfe ɗaya a kowace makaranta, cike da ƙananan littattafan Hausa masu hotuna, a riƙa ba yara aro su kai gida. Malamai kuma kada a kulle su a ofis don tsoron yagewa, a bar yara su riƙe. Kafin akwatin ya iso, malama tana iya sa yara su ba da labari, ta rubuta a kwali da manyan haruffa a gabansu, ta karanta musu abin da suka faɗa, ta liƙa a bango.

Mai girma Hakimi, iyayen ƙasa, wata kalma ɗaya daga bakinku a wurin suna ko bayan sallar Juma'a ta fi lacca goma irin tawa isa cikin gidaje. Ina roƙon ku ɗauki maganar nan ku kai ta can.

 Allah ya raya mana zuri'a, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Yanzu fili naku ne, mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani bismillah. Ina roƙon mai gabatarwa ya fara miƙa abin magana ɓangaren iyaye mata da malaman rabin aji.